Jimlar da Anti Daga-Nan Ta Ƙara

A ƙarshen barandar ofis, in ka wuce ofishin shugaban makaranta da ɗakin ajiyar alli, akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai kuka. A nan Anti Daga-Nan ta yi aikinta kaf, tun ana ce mata 'yar yarinya har jikoki suka fara ce mata kaka. Ita ce mai buga takardun makarantar sakandaren. Ta fara da tafireta, wadda in ka kuskure harafi sai ka shafa farin ruwa, ka hura, ka jira. Ta yi zamanin injin gurza takarda mai baƙanta hannu har gwiwa. Da kwamfuta ta zo ta yi mata kallon raini na wani lokaci, daga baya suka shirya, har ta ɗinka mata riga saboda ƙura.

Duk takardar da ta fita daga makarantar nan ta hannunta ta bi: sanarwa ga iyaye, jadawalin darasi, gargaɗi ga malamin da ya mayar da makara sana'a, da uwa uba tambayoyin jarrabawa. Abu biyu take alfahari da su, kuma ba ta jira a tambaye ta kafin ta faɗa. Tambaya ba ta taɓa fita daga bakinta kafin ranar jarrabawa ba, ko da ɗanta na cikinta yana ajin. Kuskurenta kuma bai taɓa shiga ɗakin jarrabawa ba.

Abin da ya hana ta sakat a duk shekarun nan shi ne takardar Turanci, musamman ɓangaren auna fahimta. Wanda bai sani ba, ga yadda abin yake: a yanko gutsuren labari daga wani littafi, a ajiye wa ɗalibai su karanta, a jero musu tambayoyi a ƙasa. 'Yan ajin ƙarshe kullum nasu a kan zane ne, ko waƙa, ko wasan kwaikwayo, ko rayuwar wani marubuci. To, duk wanda ya fara ƙirƙiro wannan tsari ba shi da tausayi, domin a daidai inda labari ya ɗau zaƙi a nan ake datse shi. Mai sassaƙa ya ɗaga guduma, sai ka ga "Tambaya ta ɗaya." Mawaƙiya ta hau dandamali muryarta ta maƙale, sai ka ga "Tambaya ta ɗaya." Ɗalibai ko a jikinsu, su dai maki suke nema. Anti ce ke kwana da abin a rai.

Saboda haka da ta gama bugawa sai ta bi malamin har ofishin malamai, takarda a hannu. "Malam, daga nan fa?" Yawancinsu daga tsofaffin takardu suka kwafo, su ma ba su sani ba, ba su kuma taɓa damuwa su sani ba. Ta yi ta tambaya har tambayar ta zama sunanta. Iliminta na adabi ma haka ya zama, gutsure-gutsure: ta san ƙuruciyar mawaƙa da yawa, amma ba ta san yadda ko ɗaya ya ƙare ba.

A gida akwai mai jiran labaran nan, wato mijinta, tsohon direban bas da ciwon baya ya sauko da shi daga sitiyari. Shi yana ce mata Sakatariya, ita tana ce masa Direba, kuma 'ya'yansu sun daɗe da daina jin kunyar hakan. Ranar da aka gama jarrabawa, da la'asar, sai ya gyara zama a kujerarsa mai filo biyu, ita kuma ta juye masa labarin da Hausa. In ta zo inda aka datse sai ta ɗora nata ƙarshen ba tare da ta canza murya ba. Bai taɓa kasa gane mahaɗar ba.

"Wannan naki ne, Sakatariya. Na san hannunki."

"Ta ina ka sani?"

"Naki kullum sai an yafe wa juna an zauna cin abinci. Ko ɓarawo ne sai kin zuba masa."

Sai ta ce to shi ya kawo nasa, ya kawo wanda kowa ya mutu a hatsarin mota, su rabu kowa yana cewa nasa ya fi.

Sauƙi ya zo mata ne da zuwan sabon malamin Turanci, wanda ɗalibai suka laƙa wa Malam Hujja. Siririn mutum ne mai gilashi, takalminsa kullum yana sheƙi, dariyarsa kuma sai an yi sa'a. Magana ɗaya ya kafa a kowane aji: "Ban tambaye ka abin da ke ranka ba. Nuna min hujja a cikin rubutun." Yaro ya ce mai zanen yana baƙin ciki, sai Malam ya ce a wane layi? Ɗalibai suna tsoronsa, amma 'yan ajinsa suna cin jarrabawa. Anti kuwa ta ƙaunace shi tun ranar farko, saboda shi littafin gaba ɗaya yake kawo mata, ya sa alamar fensir daga nan zuwa nan. In an gama jarrabawa ya bar mata littafin ta kai gida. Da ƙyar take bin wasu shafukan, da ƙamus a gefe, amma tana isa ƙarshe. Direba ya fara samun ƙarshen labari na gaskiya, har ya ce yana kewar na jabun.

Haka ake har zangon da za ta yi ritaya ya zo.

Wata safiya Malam Hujja ya shigo ɗan ɗakinta, babu littafi a hannunsa. Wasu falle-falle ya ajiye mata, rubutun hannu, duk an soke nan an gyara can. Ya ce na 'yan ajin ƙarshe ne, ya juya da sauri kamar ana kiransa.

Ta sa gilashinta ta fara bugawa. Labarin wani yaro ne da ya taso a hannun kawunsa a shagon zane. Kawun shi ke zana wa masu shaguna allo: almakashi ga tela, kifi ga mai kifi, kai mai sabon aski ga mai aski. Yaron ya tashi cikin warin fenti, yana wanke buroshi, yana haɗa launi a gwangwanin madara. Da ya girma ya tafi karatu mai zurfi, ya ga zanen manyan masu zane a littattafai, kansa ya kumbura. Ya dawo hutu, a gaban masu jiran aikinsu, ya ce wa kawun abin da yake yi ba fasaha ba ce, shafe-shafe ne. Kawun ya ci gaba da zana wutsiyar kifi. Yaron ya tafi. Kunya ta hana shi komawa a shekarar farko, a ta biyu kuma kunyar rashin zuwa ta haɗu da ta farko, haka abin ya yi ta taruwa. Da furfura ta fara taɓa shi sai ya sayi fenti a ɓoye, ya zana shagon kamar yadda yake tuna shi. Ya naɗe zanen a tsohuwar jarida, ya je. Ya tsaya a gaban shuɗiyar ƙofa mai hoton tsuntsu da ya koɗe. Ya ɗaga hannu.

Sai "Tambaya ta ɗaya."

Anti ta cire gilashi ta ajiye. Ta juya takardar ta duba bayanta, babu komai. Ta leƙa tambaya ta ƙarshe, wadda ke cewa: me kake ganin ya faru bayan ya ɗaga hannu? Kawo hujja daga rubutun.

"Ni ma abin da nake son sani ke nan," ta ce wa fanka.

Ba ta jira tashi ba, ta tare shi a baranda.

"Malam, ina littafin?"

"Ba ya hannuna, Anti."

"Yana hannun wa? In aika a karɓo."

"Ba a samunsa."

"Wa ya rubuta?"

"Wani ne. Ba ki san shi ba."

"To, daga nan fa? Ya ƙwanƙwasa?"

"Anti, a nan aka tsaya." Ya duba agogo ya shige aji, alhali ba a kaɗa ƙararrawa ba.

Abin ya tsaya mata a rai fiye da na kullum. Da can in ta rasa ƙarshen labari takan ce wata rana wani malami zai kawo littafin. Yanzu babu wata rana. Zango yana ƙarewa za ta miƙa makulli, kuma in ta tafi ba ta ji ba, ta tafi ke nan. Ta addabi mai kula da laburare har ya fara shiga bayan kanta in ya ji takunta. Ta buɗe duk littafin da ke da hoton buroshi a bango, ta sha ƙura ta yi atishawa, ba ta ga shuɗiyar ƙofa ba. Ta sake tare Malam sau da yawa, shi kuma ya koyi bin bayan ɗakin gwaje-gwaje don kauce wa barandarta.

Mafi wuya shi ne gida, domin sirrin jarrabawa ya ɗaure mata baki. Wata safiya tana zuba shayi, hankalinta yana can bakin ƙofar, sai kawai ta ce da ƙarfi, "Ka ƙwanƙwasa mana, bawan Allah!"

Direba ya dube ta, ya dubi ƙofa, ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa tebur.

"Na yi. Sai kuma me?"

"Ba da kai nake ba."

"Akwai wani bawan Allah a gidan nan ban sani ba?"

"Sha shayinka, Direba. Bayan jarrabawa za ka ji."

Takardar dai ta buga ta, Malam ya duba ya sa hannu, komai daidai. Sai ana gobe jarrabawa, kafin ta gurza, wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, kwamfuta ta yi wani ɗan kuka ta mutu. Mai gyara ya zo ya tayar da ita, amma ta tashi ba ta tuna komai. Dole a sake buga takardar Turanci daga farko, Malam kuma ya tafi taron malamai a wata makaranta. Anti ba ta tsorata ba. Labarin da ta yi makonni tana nanatawa a ranta, ai ko ido rufe za ta buga shi. Haka kuwa kusan aka yi: ta riƙa waiwayar rubutun jefi-jefi, yatsunta suna gudu. Ta gurza, ta zuba a ambulan, ta manne, ta kai ofishin shugaba aka kulle.

Washegari aka yi jarrabawa lafiya. Da la'asar ta sauke nauyin da ke ƙirjinta, ta ba Direba labarin har zuwa ɗaga hannu, ta kuma gaya masa gaskiya cewa wannan karon ba ta da ƙarshen.

"Bai ƙwanƙwasa ba," in ji Direba ba tare da tunani ba. "Na san irinsu. Fasinjan da zai sa ƙafa ɗaya a mota ya tsaya yana tunani, ba ya shiga."

"Allah ya sa ba kai ka rubuta ba."

Da safe tana cire wa kwamfuta riga sai ga Malam Hujja, ya rungumo takardun amsa, fuska a murtuke. Ko gaisuwa bai gama ba.

"Anti, karanta min layin ƙarshe."

Ta karɓi takardar tambayoyin ta sa gilashi. Ya tsaya a gaban ƙofar. Ya ɗaga hannu. Sai ƙofar ta buɗe.

Ta jawo rubutun hannunsa daga durowa ta gwada, babu wannan jimlar. Ta sake dubawa, har yanzu babu. Abin da zuciyarta ta yi ta faɗa a kan hanya da gaban murhu, shi yatsunta suka buga ba su yi shawara da ita ba. Mace mai cika bakin cewa kuskurenta bai taɓa shiga ɗakin jarrabawa ba, ga shi a zangonta na ƙarshe ta shigar da jimla guda cur. Kunya ta rufe ta, ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige.

"Malam, wallahi ban sani ba. Hannuna ne."

"Hannunki!" Ya zube takardun a tebur. "Dubi. Kowane yaro, har masu barci a bayan aji: ƙofar ta buɗe, hujja layin ƙarshe. Ko ɗaya bai yi tunani ba. Kin amsa musu tambayar."

"Ka yi haƙuri. Zan je in gaya wa shugaba da bakina."

"Kuma ba haka aka yi ba! Ƙofar ba ta buɗe ba!"

Ko a cikin kunya kunnen Anti ba ya barci. Ta ɗago kai a hankali.

"Ashe ka san ƙarshen."

"Ban ce na sani ba."

"Ka ce ba ta buɗe ba. Ya ƙwanƙwasa aka ƙi buɗewa?"

"Ban ƙwan..." Ya haɗiye sauran, amma ya makara.

Fanka ta ci gaba da kukanta. Anti ta dubi rubutun hannun da ke gabanta, da soke-soken da ke cikinsa. Mai kwafe daga littafi ai ba ya canza ra'ayi a tsakiyar jimla. Ta dubi hannun Malam da ke dafe da tebur, ta ga ɗan shuɗin fenti a gefen farcen babban yatsa. Tsegumi dai halinta ne, ba ta taɓa musu ba, amma wannan karon tausayi ya riga shi zuwa. Ta tashi ta tura ƙofa, ta jawo masa kujera.

"Zauna, Malam."

Ya zauna kamar ɗalibin da aka kama da takardar satar amsa. Ya cire gilashi yana gogewa da bakin riga, ya yi ta gogewa. Ya ce shagon yana nan a ɗaya gefen gari. Ya ce ya sha zuwa ranar Asabar da zanen a hammata, ya tsaya, ya dawo.

"To me ya sa ka saka shi a jarrabawa?"

"Ina so in ji me yaran za su ce." Ya yi ƙasa da murya. "In da yawansu suka ce za a buɗe, sai in gwada. In suka ce za a kore shi, sai in haƙura."

Anti ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi ƙoƙari, amma dariya ta ƙwace mata. "Wato ka tara yara cike da ɗakin jarrabawa, ka sa musu masu gadi, ka hana su magana, ashe shawara kake nema!"

Gefen bakinsa ya motsa, ya danne. "Ba ki san Kawu ba, Anti. Mutum ne mai riƙo."

"A wane layi?"

"Na'am?"

"A wane layi ya yi riƙon? Ni na buga labarin nan har sau biyu. Abin da na gani, ka yi masa rashin kunya, ya ci gaba da zana kifi. Kai ne kake hana yara faɗin abin da ke ransu ba hujja."

Ya mayar da gilashinsa. Ita ma ta ga kamar ta yi yawa, ga shi ita ce mai laifi a ɗakin. Sai ta sassauta, ta koma roƙo.

"Ni dai ka taimake ni, Malam. Ƙarshen zango zan tafi. Na sha kai mutane gida da guduma a sama, da murya a maƙale, duk na haƙura. Kada ka bar ni in tafi da mutum tsaye a bakin ƙofa."

Ya tattara takardunsa ya fita, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ta je ta kai kanta wurin shugaban makaranta kamar yadda ta ce. Ya saurare ta, ya ce tunda duk yaran jimla ɗaya suka gani ba a cuci kowa ba, Malam zai ba su makinsu. Sannan ya roƙe ta kada ta ƙara wa takardar lissafi komai. Labarin kuskuren ya zaga ofishin malamai, aka yi ta tsokanarta, malamin tarihi har ya kawo tasa takardar ya ce ta taimaka ta sasanta masa wani yaƙi. Ta yi dariya tare da su. Sirrin Malam kuwa ta riƙe shi yadda take riƙe tambayoyi, ko Direba bai ji ba.

Asabar ta zo ta wuce. Ranar Litinin ta tsare shi da ido a taron safe, ya kau da kai. Wata Asabar ta wuce, takalmi yana ta sheƙi, fuska ba ta ce komai ba. Ta yi alkawari a ranta ba za ta tambaya ba, kuma ta cika, ko da yake ya kusa sa mata ciwon ciki.

Ranar ƙarshe aka yi mata ɗan biki a ofishin malamai, da lemo da biskit. Aka yi jawabai, aka ba ta agogon bango, wai ga mai ritaya da ba za ta ƙara buƙatar sanin lokaci ba. Ta yi ta duban ƙofa. Kujerar Malam Hujja babu kowa. Da aka watse ta koma ɗan ɗakinta ta haɗa kayanta a kwali: filon kujera, filas, ƙamus da bangonsa ya rabu. Ta mayar wa kwamfuta rigarta. Ranta ya ɓaci sosai, fiye da yadda ta zata, har ta tura ƙofa don kada wani ya ga tana share ido.

Sai aka ƙwanƙwasa.

Ta buɗe. Malam Hujja ne, hannunsa bai gama sauka ba. A bayansa wani dattijo ne gajere, mai ƙwarin jiki, silifas ɗinsa duk ɗigon fenti kala-kala.

"Kin ga na iya," in ji Malam, kuma wallahi murmushi yake yi har haƙora.

Dattijon ya matso ya ƙare mata kallo. "Ke ce mai buɗe ƙofofin mutane ba da izininsu ba?"

"Ni ce, Baba. A yi haƙuri." Ta rasa inda za ta sa kanta, ta sauke kwali daga kujera, ta goge da mayafi. "Bismillah, zauna. Malam, daga..."

"Ki bari ya huta mana, Anti."

"Ba zan bari ba."

Malam ya jingina da bango. Ya ce abin da ya hana shi barci shi ne makin. Ya ba yara cikakken maki a kan ƙofar da ba ta buɗe ba, shi da ke wa'azin hujja. Ya ga ba shi da mafita sai ya je ya ga ko za a iya gyara labarin ya yi daidai da takarda.

"Ka ƙwanƙwasa?"

"Ina fa!" Kawu ne ya amsa. "Baiwar Allah, ƙofar nan ta tsufa, ƙasanta ya ɗage. Na daɗe ina ganin takalmi mai sheƙi ranar Asabar. Ya zo, ya tsaya, ya juya. Tun zuwan farko na gane shi, har yanzu ƙafar hagu yake karkatawa in ya yi laifi."

"Kuma ba ka buɗe ba?"

"Na ce shi ya fita, shi zai shigo. Taurin kai ne, na gidanmu. A wurina ya koya, tare da wanke buroshi." Ya gyara zama. "Kuma ina tsoro in na buɗe ya firgita ya daina zuwa. Ko takalmin ma ai wani abu ne."

Malam ya sunkuyar da kai. Anti kuwa ba ta yarda labari ya tsaya ba.

"Daga nan fa?"

"Shekaranjiya, ba ma Asabar ba, sai ga takalmi. Na haɗa fenti, yana nan. Na gama allon mai gyaran waya, yana nan. Na wanke buroshi, yana nan. Na ce yau ko zai gudu sai na buɗe, ƙafafuna sun gaji a madadinsa."

"Na ɗaga hannu ke nan," in ji Malam a hankali, "sai ƙofar ta buɗe."

Anti ta dafa tebur. Ta sa shi ya maimaita, ya maimaita. Hawayen da ta ɓoye ɗazu suka dawo, wannan karon ta ƙyale su.

"Zanen fa, Baba? Ya yi kyau?"

"Ya sa inuwa a gefen da rana ba ta taɓa bi ba. Karatu mai zurfi!" Ya harari Malam, ya kuma dafa masa hannu a lokaci guda. "Na rataye shi a inda kowa zai gani. Asabar zai zo in nuna masa yadda ake yi."

Su biyun suka raka ta har bakin titi, Malam ɗauke da kwali, Kawu rungume da agogon bango yana cewa shuɗin jikinsa na arha ne. Tana isa gida ko mayafi ba ta cire ba ta ce wa Direba ya gyara filo. Ta ba shi labarin daga shuɗiyar ƙofa har zuwa takalmi, da allon mai gyaran waya, da inuwar da ta ɓata hanya.

"Ai na gaya miki bai ƙwanƙwasa ba," in ji shi da jin daɗi. Sai ya kanne ido ɗaya. "Sun ci abinci?"

"Malam ya ce kafin ya zauna Kawu ya aika a sayo."

Direba ya buga cinya. "Na kama ki! Wannan naki ne, Sakatariya. Na san hannunki."

Ta jawo kwalin ta fara fito da kayanta ɗaya bayan ɗaya, tana dariya, tana jan hanci.

"Jimla ɗaya ce tawa, Direba. Sauran duk nasu ne."